Shekara nawa motar lantarki ke yi a ƙasa mai zafi?

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobin haya da ke zirga-zirga tsakanin Lafia da garuruwan kewaye irin su Kwandere suna neman abin hawa mai sauƙin ciyarwa. Tambayar da ke gaban mai son sayen motar lantarki ita ce ko za ta daɗe har ta mayar da kuɗinta.

Amsar tana ga batir. Injin motar ba shi da fulogi ko kabureta, ba a kuma juye masa baƙin mai, don haka wuraren lalacewarsa kaɗan ne. Batirin lithium shi ne mafi tsada a jikinta, kuma ƙarfinsa yana raguwa sannu a hankali. Yawancin kamfanoni suna ba shi garantin shekara 8 ko tafiyar kilomita 160,000.

Wani nazari da mujallar Nature Energy ta wallafa a 2025, bisa bayanan gwajin motoci a Birtaniya, ya ƙiyasta cewa motar lantarki tana yin shekara 18.4, ta fetur kuma 18.7. Sai dai Birtaniya ƙasa ce mai sanyi, zafi kuwa shi ne babban makashin batir. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka kan saurin raunin batirinsu, wanda ba shi da na'urar sanyayawa ta ruwa. Darasi ne ga Lafia, inda zafin watan Maris kan haura digiri 35.

Saboda haka ana shawartar mai saye ya zaɓi motar da ruwa ke sanyaya batirinta, ya riƙa ajiye ta a inuwa, ya taƙaita cajin gaggawa, ya kuma bar caji tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Idan ta hannu ce, a auna lafiyar batirin kafin a biya.

Sauran ƙalubalen shi ne wurin caji da makanikai. A 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a 2024 kuma aka ƙaddamar da masana'antar sarrafa lithium ta Avatar a ƙaramar hukumar Nasarawa. Amma har sai an samu ƙwararrun masu gyara da kayan gyara a kusa, ƙaramar matsala za ta iya ajiye mota mai lafiyayyen batir tsawon watanni.