Majami'ar Wusasa Ba Baƙuwa Ba Ce A Ƙasar Zazzau

Idan ana ba da tarihin Zazzau, akan tsallake Wusasa kamar wani baƙon abu ne da Turawa suka ajiye a gindin dutsen Kufena suka tafi. A ganina wannan kuskure ne. Majami'ar St. Bartholomew ta ɗarikar Angilika da jama'ar da ke sujada a cikinta reshe ne na tarihin Hausawa, kuma yadda aka yi ta kafu shi ne shaida.

A 1900 ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, suka komo Girku suka yada zango. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Burinsa shi ne Musulmin birni su karɓi bishara, kuma a gaskiya wannan buri bai cika ba, don waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya ba majami'ar jiki daga wani wuri ya zo. Tun a ƙarni na 19, kafin Turawa su ci ƙasar, an yi wani Malam Ibrahim a Kano wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa za su lamunta, har aka kashe shi. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu cikin karkara, wasu suka nufi wajen Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemo Miller da ƙafarsu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka tashi. 'Ya'yansu na cikin waɗanda suka zama ƙashin bayan jama'ar Wusasa.

Mai musu zai ce ai duk da haka inuwar mulkin mallaka ce ta rufe su, da ba don bindigar Lugard ba da Miller bai kwana a birni ba. Akwai gaskiya a nan, kuma Miller kansa ba mutum ne mai sauƙin baki game da sarakuna ba. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ba a ga maciji. Sai dai a tuna cewa gwamnatin Turawa ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, kuma razdan-razdan da yawa kallon fitina suke yi wa mishan a cikin ganuwa. Matsin da ya fito daga gare su da kuma fada shi ya sa a 1929 aka kwashe komai aka koma Wusasa, bayan gari, ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. Ɗan lelen gwamnati ba a fitar da shi ƙofar gari. Da suka tashi gina ɗakin sujada kuwa, magina Hausawa suka kira, aka ɗora shi da ƙasa da azara, da bakan gizo irin na sorayen sarakuna. Da Hausa ake addu'a a ciki, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa, tare da Hausawan da ke gyara masa harshe.

Wani kuma zai ce 'yan tsiraru ne, me za su ƙara wa tarihin ƙasa mai miliyoyin mutane? Yawa ba shi ne ma'auni a nan ba, makaranta da asibitin St. Luke su ne. Daga wannan jama'a Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar su Sardauna. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daidai shekarun da Yakubu Gowon, ɗan mai bishara da ya tashi a Wusasa, yake mulkin Najeriya. Har a adabi suna da hannu: John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan jama'a ne, kuma ɗaliban Hausa sun yi shekara da shekaru suna karanta littafin a aji ba tare da an gaya wa yawancinsu daga ina marubucin ya fito ba.