Gurbi 72 a Wuyan Jita: Tarihin Wata Hadda

Duk wanda ya zauna gaban fiyano, ko bai taɓa koyon kiɗa ba, idonsa zai nuna masa tsari. Baƙaƙen maɓallai sun jeru biyu-biyu da uku-uku, farare sun kewaye su, kowane sauti da gurbinsa guda ɗaya tak. Wuyan jita bai san wannan karamci ba. Dogon katako ne, tsirkiya shida a miƙe a kansa, siraran ƙarafa sun gitta shi sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar karan rake. Daga tsirkiya a sake zuwa gaɓa ta 11 akwai gurbi 12 a kowace tsirkiya, wato 72 ke nan gaba ɗaya, kuma in ban da 'yan ɗigo-ɗigon da ke nuna lambar gaɓa, babu alamar da ke faɗa wa mai koyo sunan ko ɗaya.

Abin bai tsaya nan ba. Sauti guda yana da gida fiye da ɗaya. Sautin E da siririyar tsirkiya ke bayarwa in an kaɗa ta a sake, shi ne dai a gaɓa ta 5 a tsirkiya ta biyu, da gaɓa ta 9 a ta uku, da gaɓa ta 14 a ta huɗu. Sannan tazarar da ke tsakanin tsirkiya da maƙwabciyarta gaɓa 5 ce a ko'ina, sai tsakanin G da B inda ta koma 4, don haka duk dabarar ƙirgen da mutum ya riƙe, da ya iso nan sai ta goce. Shi ya sa za ka tarar da wanda ya shekara goma yana kaɗa jita, hannunsa ya faɗa, amma ka ɗora yatsa a gaɓa ta 8 ka tambaye shi sunan sautin, sai ya tsaya lissafi.

Wannan matsala ta girmi jitar kanta. Sama da shekara dubu malaman kiɗa suna fama da ita, kuma amsoshinsu iri biyu ne: ko a nuna wa ɗalibi inda zai sa yatsa, ko a koya masa sunan sautin da yake nema. Wadda ta rinjaya a kowane zamani ta dogara ne da yadda kayan kiɗan yake a zamanin.

Bagadaza: suna daga yatsa

A Bagadaza ta ƙarni na 9, kayan kiɗan fada shi ne udu, wanda daga sunansa na Larabci Turawa suka samo sunan nasu molon, lut. Udun yau wuyansa sumul ne kamar na gurmi da garaya, amma wanda masanan zamanin Abbasiyya suka siffanta yana da gaɓoɓi na zaren hanji da ake ɗaurawa a wuyansa. Tsirkiyoyinsa huɗu kowacce da sunanta: bamm, maslas, masna da zir. Gaɓoɓin kuwa aka sa musu sunayen yatsun da ke danna su: sabbaba, wato manuni, sai wusɗa na tsakiya, sai binsir na zobe, sai hinsir ɗan auta. Idan malami ya ce sabbabar masna, ya faɗi tsirkiya, ya faɗi gurbi, ya faɗi yatsa, duk cikin kalma biyu. Har akwai gurbin da aka sa wa sunan mutum, wusɗar Zalzal, saboda wani shahararren makaɗin Bagadaza mai suna Mansur Zalzal, kuma Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya auna wannan gurbi ya rubuta shi a babban littafinsa na kiɗa.

A wannan birni ne kuma Alkindi ya yi amfani da haruffan abjad wajen sa wa sautukan kansu suna, domin a iya cewa sautin da ke wannan gurbi shi ne wanda ke wancan. Tun daga nan hanyoyin biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Makaɗi ya riƙe sunan yatsa, masani ya riƙe sunan sauti.

Arezzo: taswira a tafin hannu

Sunayen da mai koyon jita ke haddacewa a yau daga coci-cocin Italiya suka fito. A farkon ƙarni na 11, mawaƙin coci yakan kwashe kimanin shekara goma yana haddace waƙoƙin ibada daga bakin malami. Wani malamin coci mai suna Guido, wanda ya koyar a garin Arezzo, ya tsara rubuta sautuka a kan layuka, ya kuma ba su 'yan gajerun sunaye shida masu sauƙin rerawa: ut, re, mi, fa, sol, la. Ya yi iƙirarin cewa da wannan hanya shekara goma ta koma ɗaya ko biyu, har labarinsa ya kai ga Fafaroma John na 19, wanda ya kira shi Roma wajen 1028. A ƙarni na 17 ut ta koma do. Haruffan A zuwa G kuwa tun zamanin Guido ana amfani da su, kuma tsarin biyu duk sun rayu. Abin da ya sa ke nan ɗalibin Yamai ko Damagaram, mai karanta littafin Faransanci, yake ce wa babbar tsirkiyar jita mi, takwaransa na Kaduna ko Jos yake ce mata E.

Waɗanda suka biyo bayan Guido sun ƙara wata dabara da aka jingina wa sunansa. Suka raba sautuka 20 a kan gaɓoɓi da kawunan yatsun hannun hagu, malami ya nuna gaɓa, yara su rera sautinta. Ɗaruruwan shekaru ana koyarwa da wannan hannu. Hikimarsa ita ce suna yana saurin zama a ka idan an ɗaure shi da wuri, aka kuma yi ta nuna wurin ana kiran sunan da baki. Wannan dai shi ne aikin da ke gaban mai haddace wuyan jita.

Zamanin ɗab'i: rubutun yatsu

Da injin ɗab'i ya zo, masu kaɗa tsirkiya ba su bi tafarkin Guido ba. A 1507 Ottaviano Petrucci ya buga littafin kiɗan lut na Francesco Spinacino a birnin Benis, da wani rubutu da ake kira tablacha. Layukansa hoton tsirkiyoyi ne, lambobin da ke kansu kuma lambar gaɓa ce. Faransawa suka yi amfani da haruffa a maimakon lambobi, amma manufar guda ce: danna nan, sannan ka danna can. Da irin wannan rubutu Luis Milán ya buga El Maestro a Balensiya a 1536 domin bihuwela, 'yar uwar jita, inda ya jera darussa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Shekara goma bayan haka Alonso Mudarra ya buga littafinsa a Sabiliya, wanda a ciki aka fara ɗab'in kiɗan jita.

A 1606 Girolamo Montesardo ya ƙara sauƙaƙa abin a Fulorans. Kowane kamu na yatsu, wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare, ya ba shi harafi guda, kuma sunan littafin kansa ya yi alkawarin kiɗa ba lamba ba alamar sauti. Abin lura shi ne haruffan ba su da wata alaƙa da sunayen sautuka. Harafin A yana nufin kamun da muke kira G a yau, B yana nufin C, C kuma yana nufin D. Mutum zai iya raka waƙa dare guda cur bai san sunan sauti ko ɗaya da ya fito daga hannunsa ba.

Kada a ɗauka lalaci ne ya jawo wannan. Kayan kiɗan zamanin ba su da tsayayyen awo. Lut akwai babba akwai ƙarami, ɗaurin tsirkiya ya bambanta daga gari zuwa gari, gaɓoɓin kuma na zaren hanji ne da makaɗi zai iya matsarwa da yatsa. Gurbi guda yana iya ba da sauti daban a hannun mutum biyu. Taswirar da ke motsi ba ta haddatuwa, don haka rubutun da ke nuna gurbi shi ne ya dace da su.

Lokacin da taswira ta tsaya

A hankali abubuwa suka daidaita. A 1581 Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo masanin taurari, ya bayyana ƙa'idar jera gaɓoɓi: a raba tsawon tsirkiya kashi 18, a sa gaɓar farko a kashi ɗaya, a sake raba abin da ya rage kashi 18, haka har ƙarshe. Maƙeran jita na yau suna amfani da 17.817 a maimakon 18, wanda ke sa gaɓa ta 12 ta faɗo daidai tsakiyar tsirkiya, inda sunayen sautuka ke sake zagayowa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 jita ta koma mai tsirkiya shida ɗai-ɗai, ɗaurinta ya tsaya a E, A, D, G, B, E, gaɓoɓin hanji kuma suka riƙa ba da wuri ga kafaffu na ƙarfe.

A daidai wannan lokaci makaɗan jita suka bar tablacha suka rungumi rubutun layuka irin na masu goge da fiyano, domin su zauna tare da su su karanta takarda guda. Rubutun layuka yana faɗin sauti ne, nemo gurbinsa kuwa aikin makaɗi ne. Daga nan haddace wuyan jita ya zama dole, kuma littattafan koyarwa suka yi ta fitowa: na Ferdinando Carulli a Faris wajen 1810, na Mauro Giuliani a Biyana a 1812, na Dionisio Aguado a Madrid a 1825, na Fernando Sor a 1830, da na Matteo Carcassi a 1836. Salon da ya yi rinjaye shi ne a fara da gaɓoɓin farko, a zauna a kansu da gajerun darussa har sunaye su kama, sannan a matsa da hannu gaba. Andrés Segovia ya bi sahunsu a 1953 da ɗan littafinsa na jerin sautuka masu hawa da sauka a tsawon wuya, inda ya shawarci ɗalibi ya ba su awa biyu kowace rana.

Dawowar tablacha

Ƙarni na 20 ya mai da jita kayan kiɗan kowa, kuma kowa yana sauri. A 1957 Bert Weedon ya fitar da littafi a Ingila mai suna Play in a Day, alkawarin iya kiɗa a yini guda, wanda shi ne alkawarin Montesardo bayan shekara 350. Mujallun jita suka farfaɗo da tablacha, intanet kuma ta ƙarasa aikin. Rumbun OLGA, wanda aka kafa a 1992, ya tara dubban waƙoƙi a rubutun yatsu kafin ƙorafin kamfanonin ɗab'in kiɗa ya rufe shi a 2006. Yau kuma bidiyon YouTube ne ke cewa sa yatsa nan.

Adalci shi ne a ce wannan hanya ta yi amfani, kuma akwai manyan makaɗa da ba su bi ta kan takarda ba sam. Da yawa daga 'yan jitar Agadas da kunne suka koya, daga kaset da kallon hannun na gaba. Sai dai su kunnensu ne ya haddace wuyan, sun san inda kowane amo yake ko da ba su kira shi da harafi ba. Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne ɗan tablacha zalla, wanda bai da kunnen bai kuma da sunan. Ranar da mawaƙiya ta ce a sauke mata waƙa domin ta fi ƙarfin muryarta, ko mai fiyano ya ce a koma F, sai ya tsaya cak. Kayan aro ba ya rufe katara.

Lissafin hadda

Aikin bai kai girman da ido ke nunawa ba. Tsirkiya ta ɗaya da ta shida sunayensu ɗaya ne, don haka 72 ta koma 60. Cikin sautuka 12, bakwai ne ke da harafin kansu, sauran biyar ana kiransu da sunan maƙwabcinsu na sama ko na ƙasa. Bakwai sau biyar, gurbi 35 ke nan. Tsakanin kowane harafi da na gaba akwai gaɓa biyu, sai B da C, da kuma E da F, waɗanda suke manne da juna. A babbar tsirkiya ke nan F tana gaɓa ta 1, G ta 3, A ta 5, B ta 7, C ta 8, D ta 10, E ta dawo a ta 12. Wanda ya san wannan ya tsallake tsirkiya guda ya ƙara gaɓa biyu, zai sami sunan nan a tsirkiya ta huɗu.

Yadda za a raba aikin kuwa, wani Bajamushe ya auna shi tun 1885. Hermann Ebbinghaus ya yi ta haddace jerin gaɓoɓin kalma marasa ma'ana yana ƙirga maimaicinsa, ya gano cewa maimaici 38 da aka raba a kwana uku ya yi aikin maimaici 68 na zama guda. Sunayen wuyan jita irin wannan kaya ne, haruffa ne da babu labari a bayansu, saboda haka minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. A ɗauki harafi guda, a nemo shi a tsirkiya shida ana kiran sunansa da baki, gobe a fara da bitar na jiya kafin a ɗauki sabo. A mako guda an zagaye haruffa bakwai, sai a sake zagaye, har lissafi ya fita, yatsa ya riga tunani isa.

Masu lut na zamanin Petrucci suna da uzuri, domin taswirarsu motsi take yi. Tamu ta shekara sama da ɗari biyu a tsaye wuri guda, gurbi 35 ne, kuma abin da Guido da Carulli da Ebbinghaus suka tarar duk guda ne: yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.