Ilori: Ta Arewa Ce Ko Ta Ƙasar Yarabawa?

'Yan'uwa marubuta, akwai wata gardama da ta daɗe ana yi a ƙasar nan, wato ta garin Ilori. In ka tambayi mutumin Kano zai ce maka ai masarauta ce irin tamu, tuta ta karɓa kamar kowa. In kuwa ka tambayi mutumin Ibadan, sai ya ce kai dai je ka kasuwar garin ka ji harshen da ake ciniki da shi. To, kafin mu ɗauki ɓangare, ya kamata mu waiwayi tarihi.

A farkon ƙarni na 19 Ilori tana ƙarƙashin daular Oyo, kuma a nan ne Afonja yake zaune, wanda yake riƙe da sarautar Are-Ona-Kakanfo, wato babban sarkin yaƙin Alafin. Da ya yi wa Oyo tawaye sai ya nemi goyon bayan wani malami Bafulatani mai suna Shehu Alimi. Wajen shekarar 1817 bayi Musulmi, waɗanda da yawansu Hausawa ne, suka riƙa gudowa daga garuruwan Oyo suna shiga rundunarsa. Akwai kuma Yarabawa Musulmi na Oke Suna ƙarƙashin Solagberu. Ba a jima ba wannan runduna ta fi ƙarfin Afonja, aka kashe shi wajen 1824. Abdussalami ɗan Shehu Alimi ya zama sarki na farko, ya kuma yi mubaya'a ga Gwandu.

Wannan shi ne tushen hujjar masu cewa Ilori ta Arewa ce. Ƙasar ta zama iyakar Daular Usmaniyya ta kudu maso yamma, da sarki da alƙali da limamai. Dakarunta ne suka karya Oyo ta dā a cikin shekarun 1830, har aka watse aka bar birnin kango, sai wajen 1840 mayaƙan Ibadan suka tsayar da su a Osogbo. A 1897 sojojin kamfanin Royal Niger suka ci Bida da Ilori, da aka kafa mulkin Turawa a Arewa a 1900 kuma sai aka sa ta cikin lardunan Arewa.

Amma masu ɗaya ra'ayin su ma ba da baki kawai suke magana ba. Harshen gida da na kasuwa a Ilori Yarabanci ne, har a cikin zuriyar Shehu Alimi kanta. Manyan hakiman yaƙi huɗu na garin ma sarautar Yarabawa suke ɗauke da ita, wato Balogun: akwai Balogun Alanamu, da Balogun Ajikobi, da Balogun Gambari, da Balogun Fulani. Biyun farko na unguwannin Yarabawa ne, Gambari kuwa suna ne da Yarabawa suke kiran Hausawa da shi. Ke nan tun daga tsarin sarauta an nuna cewa garin haɗaka ne.

Gardamar ta yi zafi sosai gab da samun mulkin kai. A tsakiyar shekarun 1950 aka kafa ƙungiyar Ilorin Talaka Parapo, wato haɗin kan talakawa. Mu lura da sunan: kalmar "talaka" tamu ce, "parapo" kuwa ta Yarabanci. Da farko kukansu na haraji ne da danniyar hukumar En'e, daga baya suka ƙulla ƙawance da jam'iyyar Action Group ta Awolowo, suka ci rinjaye a majalisar En'e a 1957, suka nemi a mayar da su Jihar Yamma. Gwamnatin Sardauna ba ta yarda ba, ta rushe majalisar a 1958. Kwamitin Willink, wanda ya binciki koke-koken ƙananan ƙabilu, ya bar maganar sauya iyaka ga ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ƙuri'ar da ba a taɓa kaɗawa ba. A 1967 Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Ilori ta zama hedikwatar jihar da ake kira Kwara, yau kuma ana lissafa ta cikin shiyyar Arewa ta Tsakiya.

Mu a namu ganin, abin da ya hana maganar ƙarewa shi ne kowane ɓangare da irin mudun da yake awo da shi. Wani da harshe yake aunawa, wani da sarauta da addini, wani kuwa da taswirar da Bature ya zana, alhali a Ilori waɗannan ukun ba su faɗa wuri guda ba. Dubi Shehu Adam Abdullahi al-Ilori, wanda ya rasu a 1992: da Larabci ya yi rubuce-rubucensa, da Yarabanci yake wa'azi, makarantarsa ta Markaz tana Agege a Legas, kuma ya rubuta tarihin Musulunci a Nijeriya da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A wane layi za mu tsayar da shi?

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Sau da yawa a littattafanmu na ƙagaggun labarai, da zarar tauraro ya ƙetare gadar Jebba sai mu ce ya shiga Kurmi, duk wanda ya gamu da shi kuma mu mayar da shi baƙo mai gurɓatacciyar Hausa, abin dariya. Ta yiwu kuwa kakan wannan mutumin daga Gobir ko Katsina ya taso. Duk mai niyyar kai labarinsa Ilori, muna ba shi shawara ya fara sanin unguwar da zai sauke tauraronsa, ko Gambari ce ko Alanamu, ya san kuma da wane harshe za a yi masa maraba a ƙofar gida. Filin wasiƙu na wannan mujalla a buɗe yake ga duk ɗan ƙungiya mai wani ra'ayi dabam, musamman waɗanda suka taɓa zama a garin.