Zeyin: furotin ɗin ƙwayar masara

Zeyin shi ne furotin ɗin da masara take tarawa a ƙwayarta domin ciyar da tsiro. Ya kai wajen rabin furotin ɗin ƙwayar, sai dai yana da ƙarancin layisin da tiriftofan, sinadaran da jikin yaro yake buƙata ƙwarai.

Ƙwayar halittar gado mai suna opaque-2 ce take ba da umarnin ƙera yawancinsa. A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano cewa idan ta daina aiki, zeyin yakan ragu, layisin ya ƙaru. Amma ƙwayar masarar takan yi taushi, ƙwari su far mata. Cibiyar CIMMYT ta Meziko ce ta dawo mata da tauri, kuma daga wannan aikin Ghana ta fitar da irin masara mai suna Obatanpa a 1992.