Layi

layi (suna, namiji, jam'i: layuka). Kalma ce da Hausa ta aro daga Ingilishi a zamanin Turawa, asalinta zane miƙaƙƙe, amma ta yi rassa har ta zarce muradin masu ita.

1. Hanyar jirgin ƙasa, wato layin dogo, wanda ya haɗa Ikko da Kano a 1912, tun kafin Gwamna Lugga ya ƙaurar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917.

2. Titi a cikin unguwa. Wannan ma'ana tana da ƙarfi a Kaduna, domin birni ne da aka zana shi a takarda kafin a gina, saɓanin tsofaffin birane irin su Zariya masu lunguna. Saboda haka baƙon da ya nemi gida a Tudun Wada ko Unguwar Kanawa, da layi za a yi masa kwatance, a kasuwa kuma a ce masa layin 'yan atamfa.

3. Jerin mutane masu jiran abu, kamar a asibiti ko gidan mai: *ya bi layi, ya tsallake layi.* Sai dai jerin masallata sahu ne, kamar yadda almajiri yake ce wa jerin rubutun allonsa saɗara.

4. Lambar wayar salula, tun 2001: *layinsa ba ya shiga.*

*Ya saki layi:* ya kauce daga zancen da ake yi, ko daga tafarkin shiriya.