Moto na ruwa: abin da mai hawa ya kamata ya sani

Moto na ruwa, wanda aka fi sani da jet-ski, ƙaramin abin hawa ne mai inji da ke ɗaukar mutum ɗaya zuwa uku. Jet Ski asali sunan da kamfanin Kawasaki na Japan ya raɗa wa nasa ne a farkon shekarun 1970. Yamaha na kiran nasa WaveRunner, na Kanada kuma Sea-Doo. Ƴan Nijar sun fi cin karo da shi a wajen tafiya, kamar Dubai, Asini a Kodibuwa ko Sali a Senegal, inda ake ba da hayarsa na ɗan lokaci.

Wanda ya saba da moto kan ɗauka ya iya tun bai hau ba. Nan tarkon yake. Injin yana zuƙo ruwa ta ƙarƙashi, ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya. Feshin ne ke tura shi gaba, kuma shi ne ke juya shi, domin idan an murɗa kai bututun ne ke karkata. Da zarar an saki wuta feshin ya ragu, sai juyawa ta gagara: ko an murɗa kai har ƙarshe, abin zai ci gaba da sulalewa inda ya dosa. To, mai moto idan ya ga haɗari gabansa, abin da hannunsa ya saba shi ne ya saki wuta ya kama birki. A kan ruwa dole ya bar ɗan wuta sannan ya kauce. Tsofaffin samfura ba su da birki ko kaɗan. Sea-Doo ya fara sa shi a 2009, amma ko mai birkin ba ya tsayawa nan take, ga shi manyansu sun haura kilo 300 kuma suna iya wuce kilomita 100 a awa.

Shi ya sa karo ya fi kome muni. Wani bincike da hukumar kula da lafiyar sufuri ta Amurka ta fitar a 1998 ya nuna cewa masu mutuwa a kan wannan abin hawa, buguwa ta fi kashe su a kan nutsewa, saɓanin sauran jiragen shaƙatawa. Abokai biyu da suka yi haya tare suna bin juna kurkusa don ɗaukar hoto, ko suna tsallake igiyar ruwan juna, su ne suka fi kusa da wannan haɗari.

Rigar hana nutsewa wajibi ce ga direba da fasinja, ko da gwanin iyo ne, domin wanda ya suma ba ya iyo. Akwai kuma ƴar igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu ko a jikin rigar, wadda ke kashe injin idan direba ya faɗi. Kamfanonin da kansu suna gargaɗi a sa matsattsen wando mai kauri irin na masu ninƙaya, saboda feshin baya na iya shiga jikin fasinjan da ya zame ta baya ya yi masa mummunan rauni a ciki. Babbar riga, gyale mai lilo da dogon gashi a sake ba su dace ba: mazuƙar ruwan da ke ƙasa tana iya kama su.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa sai mai shekara 16 da ke da parmin tuƙin jirgin ruwa, in ba haka ba sai da malami a kusa. Ba a hawa da dare, kuma cikin mita 300 daga gaɓa ba a wuce kimanin kilomita 9 a awa. Inda mai haya bai tambayi kome ba sai kuɗi, gara mutum ya ɗora wa kansa waɗannan ƙa'idoji.

Wanda ya faɗi ya koma ta baya ya hau, ba ta gefe ba. Idan abin ya kife, akwai hoto manne a bayansa da ke nuna ɓangaren da za a birkito shi don kada ruwa ya shiga inji. Mai kuwa a kasa shi uku: na tafiya, na dawowa, da na ko-ta-kwana.

A kogin Isa, wajen Yamai, ƙarin abin lura shi ne tarun masunta, ciyawar ruwa da ke toshe mazuƙa, tudun yashi lokacin da ruwa ya ja, da dorina. Igiyar ruwan da gudu ke tayarwa ta isa ta kifar da kwale-kwale mai lodi, don haka a sassauta tun daga nesa a ba shi hanya.