Kujerar Mai Sana'a a Majalisar Shawara: Darasi daga Ƙaraye da Rogo

Majalisar da aka kafa don ba da shawara ba ta yanka haraji, ba ta raba kasafin kuɗi. Ƙarfinta duka yana ga mutanen da ke zaune a cikinta. Saboda haka sashen da ya fayyace wanda zai zama mamba shi ne ginshiƙin duk dokar da ta kafa irin wannan majalisa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa a Jihar Kano ana yawan sauya tsarin majalisu, amma ba a cika waiwayar kujerar mai ƙaramar sana'a ba.

Ƙaraye ta ga wannan sauyi a cikin ɗan lokaci. A Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Babbar kotun jiha ta soke ta a Nuwamba, aka sake zartar da wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayu, 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da rushe tsarin baki ɗaya, sannan a Yuli wata dokar ta dawo da Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo kaɗai. Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin majalisun masarautu ya koma na shawara, don haka kowane sauyi yana sauya wanda mahukunta za su saurara. Amma muhawarar jama'a ta tsaya ga karagar mulki da darajar sanda.

A tsarin gargajiya akwai hanyar da koken masu sana'a ke bi ya isa fada: Sarkin Kasuwa, Sarkin Pawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Ruwa. Idan rikici ya tashi kan rumfa ko mudu, an san bakin da za a ji. Tattalin arzikin yankin ya wuce wannan tsari yanzu. Madatsar ruwa ta Challawa, da aka kammala a 1992, ta buɗe wa Ƙaraye kamun kifi da noman rani. A Rogo, wadda ke iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, masara da rake ke juya kasuwa. Ga masu POS, masu cajin waya, 'yan acaɓa, da matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gida, yara na kai musu talla. Duk ranar kasuwa mai rasit na ƙaramar hukuma yana bin su rumfa-rumfa, amma babu mai tambayarsu ranar da ake tsara kuɗin da za su biya.

Wani zai ce akwai hukumomin da aka kafa domin su. Gaskiya ne, dokar tarayya ta 2003 ta kafa SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma binciken da ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i fiye da miliyan 39 a Najeriya a 2020, mafi rinjayensu 'yan ƙanana ne ƙwarai. Sai dai wakilci a matakin ƙasa da na jiha yakan faɗa hannun masu rajista da ofis a birni. Damuwar mai masana'anta a Sharaɗa ita ce lantarki da canjin dala. Ta mai kifi a bakin Challawa ita ce hanya, da yadda zai adana kamunsa kafin dillali ya karya farashi.

Abu uku ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kano ta rubuta ɓaro-ɓaro a duk dokar da ta shafi majalisar shawara, ta masarauta ce ko ta kasuwanci. Na farko, a ware wa masu ƙananan sana'o'i kujeru, ƙungiyoyinsu su zaɓi wakilansu da kansu, domin wanda gwamna ya naɗa, gwamna zai yi wa biyayya. Na biyu, a keɓe wa mata da mazauna karkara kaso bayyananne. Na uku, wa'adin mambobi kada ya zo daidai da na gwamnati, yadda sauyin mulki ba zai share majalisar gaba ɗaya ba.

Masarautar da ƙananan hukumomi biyu kaɗai suka rage mata ta fi sauƙin gwada wannan tsari, domin kasuwanninta ƙidayayyu ne, shugabannin sana'o'inta kuma sanannu ne. Idan ya yi aiki a Ƙaraye da Rogo, sauran ƙananan hukumomi 42 na jihar sun sami abin koyi.